Sikeli ne ke zaɓa wa mutum katakon zamiya

Zamiyar dogon zango a kan dusar ƙanƙara wasa ne kuma hanyar tafiya ce ta mutanen ƙasashen sanyi, musamman Nowe da Suwidin da Finlan da Rasha da Kanada, inda mutum yake ɗaura wa kowace ƙafa dogon katako siriri, ya riƙi sanda a kowane hannu, ya ratsa fili da daji da tudu da kwari da ƙarfin jikinsa kaɗai. Ta sha bamban da zamiyar gangaren dutse, wadda inji ke ɗaukar mutum zuwa ƙololuwa ya sulalo ƙasa, domin a nan duk tudun da mutum zai gangara sai ya fara hawansa da ƙafarsa. Wasan bai tsaya ga 'yan ƙasar ƙanƙara ba, domin a shekarar 1998 Philip Boit ɗan Kenya ya shiga tseren kilomita 10 a gasar Olamfik ta hunturu a Nagano ta ƙasar Japan, a shekarar 2022 kuma Samuel Ikpefan, wanda aka haifa a Faransa, ya wakilci Nijeriya a wannan fanni a gasar Beijin. Ban da irin waɗannan akwai matasa da dama waɗanda karatu ko neman abinci yake kai su garuruwan da ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, kuma da yawansu sukan gwada wasan sau ɗaya ko biyu, su sha baƙar wuya, su yanke hukuncin cewa ba don irinsu aka yi shi ba, alhali kuwa sau tari laifin na katakon da aka miƙa musu ne, wanda bai dace da nauyinsu ba.

Ba za a gane dalilin haka ba sai an san ƙirar abin. Bisa al'ada ake ce masa katako, amma na zamani cikinsa kumfa ne mai tauri ko wani abu mai ramuka marar nauyi, wanda aka lulluɓe da zaren gilashi ko na kabon, aka kuma shimfiɗa wa ƙasansa wata roba mai santsi da ke shan kaki. Na tsere faɗinsa bai wuce santimita huɗu da rabi ba, tsawonsa kuwa ga manya yakan kama daga kimanin santimita 170 zuwa 210. Idan aka ajiye shi a kan daɓe za a ga gabansa da bayansa ne kaɗai suke taɓa ƙasa, tsakiyarsa kuwa ta ɗago har yatsa na iya shiga ƙarƙashi. Wannan ɗagowar, wadda za a riƙa kira doro, sifirin ne da masana'anta ta gina da gangan, kuma kowane doro yana da adadin kilon da ake bukata kafin ya baje ya taɓa ƙasa. A salon gargajiya na wasan, ƙasan katakon ya kasu gida uku. Gaba da baya su ne wurin sulɓi, inda ake shafa kakin santsi a goge shi har ya yi sheƙi, tsakiya kuma, daga daidai diddige zuwa gaba da yatsun ƙafa, shi ne wurin riƙo, inda ake shafa wani kaki mai danƙo wanda ƙwayoyin dusar ƙanƙara ke nutsewa cikinsa su kama na ɗan lokaci.

Tafiyar kanta ana yin ta ne cikin layuka biyu da inji ya tsaga a kan ƙanƙarar, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Mai tafiya yakan tattara nauyinsa duka a kan ƙafa guda, ya danna ƙasa da zafin nama ta tudun tafin ƙafa da ke bayan yatsu, doron ya baje, kakin riƙo ya kama ƙanƙara, shi kuma ya tura kansa gaba ya sauka a kan ɗaya ƙafar yana sulalawa. Ke nan ana neman abubuwa biyu masu karo da juna daga katako ɗaya, wato ya kama ƙasa daram a lokacin turi, ya kuma ɗauke kakinsa daga ƙasa a lokacin sulɓi. Mutanen dā a wasu sassan Sikandinebiya sun raba aikin ne tsakanin ƙafafu biyu, inda suke ɗaura dogon katako mai santsi a ƙafa ɗaya domin sulɓi, da gajere wanda aka manna wa fatar dabba mai gashi a ɗaya ƙafar domin turi. Katakon zamani ya haɗe ayyukan biyu a jiki ɗaya, kuma doro ne yake raba musu lokaci. Mutum mai kilo 70, idan yana gangara ko yana tura kansa da sanduna biyu a tare, kowane katako yana ɗauke da kilo 35 ne, kuma a wannan hali dole doron ya tsaya a ɗage. Idan kuwa ya ɗora kilo 70 ɗin a kan ƙafa ɗaya ya danna, dole doron ya miƙa wuya. Katakon da ya dace da shi shi ne wanda ke bajewa a wani wuri tsakanin waɗannan adadi biyu, kuma mai karatu zai lura cewa tsayin mutum bai fito ko sau ɗaya a cikin wannan lissafi ba.

Abin da ke faruwa idan aka kuskure lissafin ya cancanci a dube shi da kyau, domin shi ne yake korar mutane daga wasan. Wanda aka ba katakon da ya fi ƙarfin nauyinsa zai ji daɗi a fili da gangare, har ya riƙa wuce abokansa, amma da zarar ƙasa ta fara tashi sai labari ya sha bamban. Zai danna ƙafar dama ta suɓuce baya, ya danna ta hagu ita ma ta suɓuce, domin kakin riƙon yana rataye a sama bai taɓa ƙanƙara ba, saboda haka sai ya koma dogaro da sanduna, kafaɗunsa su yi tsami, cinyoyinsa su fara rawa, gumi ya jiƙa masa rigar ciki a cikin sanyin da ya yi ƙasa da sifiri, wanda kuwa haɗari ne ba ƙarami ba idan ya tsaya hutawa. Daga ƙarshe sai ya fita daga layi, ya buɗe goshin katakan biyu ya riƙa taka tudun a karkace, a wurin da yara ƙanana ke wuce shi a miƙe. Irin wannan mutum yakan ƙara lafta kaki yana zaton ƙarancinsa ne matsalar, kuma hakan kan ɗan taimaka, amma kaurin kaki ba ya cike gurbin kilo goma ko goma sha biyar da babu su. Wanda aka ba katakon da ya yi masa taushi kuwa wahalarsa ba ta fitowa fili da wuri, shi ya sa ta fi daɗewa tare da mutum. Yana hawan tudu lafiya lau, amma doron a baje yake ko da yaushe, kakin riƙo yana gugar ƙanƙara a kowane taku, sulɓin da ya kamata ya kai shi nesa sai ya mutu nan take, kakin ya goge kafin a yi nisa, idan kuma dusar sabuwa ce mai danshi sai ta manne a ƙarƙashin ƙafar ta yi curi, mutum ya riƙa tafiya yana tuntuɓe. Ya ga kowa yana sulalawa shi yana jan ƙafa, sai ya ɗora laifin a kan huhunsa.

To daga ina maganar tsawo ta samo asali, har ta zama ita ce farkon abin da ake tambaya? Tsohuwar ƙa'ida ita ce mutum ya tsaya ya ɗaga hannu sama, katakon da goshinsa ya kai wuyan hannunsa shi ne nasa. Wannan ƙa'ida ta zamanin itace ce, lokacin da ƙarfin doro ya dogara ƙwarai ga tsawon icen da kaurinsa, kuma zamanin ya fara shuɗewa ne a gasar zakarun duniya da aka yi a Falun ta Suwidin a shekarar 1974, inda Thomas Magnusson ɗan Suwidin ya ci tseren kilomita 30 a kan katakon zaren gilashi, Magne Myrmo ɗan Nowe kuma ya ci na kilomita 15 a kan na itace, ya zama mutum na ƙarshe da ya ɗauki kambin duniya a kan itace. Da sababbin kayan ƙira suka shigo, sai masana'antu irin su Fischer da Atomic a Ostiriya, da Madshus a Nowe, da Rossignol da Salomon a Faransa, da Peltonen a Finlan, suka sami ikon gina doro mai taushi ko matsakaici ko mai tauri a tsawo iri ɗaya. Duk da haka tsawo bai zama banza ba. Har yau ana fara lissafin salon gargajiya da ƙara kimanin santimita 20 zuwa 30 a kan tsayin mutum, kuma a mafi yawan samfura dogon katako ya fi gajere tauri, ya fi shi kuma raba nauyi a kan fili mai yawa, shi ya sa jadawalin masana'anta yake jera tsawo a gefe ɗaya da zangon kilo a ɗaya gefen. Kuskuren shi ne a karanta gefen tsawon a tsallake na kilon. A ƙaddara samari biyu ne, kowanne tsayinsa santimita 175, ɗaya siriri mai kilo 58, ɗaya ƙaƙƙarfa mai kilo 90. Ƙa'idar tsayi za ta miƙa wa kowannensu katako mai santimita 197 ko kusa da haka, amma idan doron na mai kilo 75 ne, na farkon ba zai iya baje shi ba, na biyun kuma zai murƙushe shi tun yana tsaye. Abin da ya dace shi ne siririn ya sauko zuwa gajere ko ya nemi mai taushi a wannan tsawon, ƙaƙƙarfan kuma ya hau zuwa 202 ko 207, ko ya nemi mai tauri. Duk inda tsayi da nauyi suka yi saɓani, nauyi ake bi, sai dai kada tsawon ya zarce abin da mutum zai iya juyawa da shi a kwana ko ya tashi da shi idan ya faɗi.

Wane nauyi ake nufi kuwa? Nauyin ranar da ake saye, wanda sikeli ya nuna, ba wanda mutum ya tuna daga gwajin asibiti na shekaru biyu da suka wuce ba, ba kuma wanda yake fatan kaiwa bayan ya fara motsa jiki ba. Mutane da yawa, maza da mata, sukan rage 'yan kilo idan mai kanti ya tambaye su, saboda kunya, kuma wannan kunya a nan tsada gare ta, tunda kai tsaye take komawa katakon da ya yi taushi. Shi ya sa kantunan da suka san aikinsu suke ajiye sikeli a ƙasa su ce wa mai saye ya hau. Ya kamata kuma a auna mutum da kayan da zai fita da su, wato takalmin wasan da rigunan sanyi da ruwan sha, domin doro ba ya bambance tsoka da jaka. Misali mafi kyau shi ne tseren Birkebeiner na Nowe, mai tsawon kilomita 54 daga Rena zuwa Lillehammer, wanda aka fara a 1932 domin tunawa da mayaƙan da suka tsallaka duwatsu a 1206 ɗauke da jaririn da ya zama Sarki Haakon Haakonsson. A wannan tsere wajibi ne kowane ɗan wasa ya goya jaka mai nauyin aƙalla kilo uku da rabi, kuma mai hankali yakan sa wannan kilo uku da rabin cikin lissafi tun lokacin da ake auna masa katako. Wanda zai yi tafiyar kwanaki da jakar kilo goma sha biyar kuwa ya riga ya koma wani zangon jadawali daban. Akwai kuma wani ƙaramin tarko ga mai saye a Amurka, inda ake rubuta nauyi da fam, alhali kilo ɗaya fam 2.2 ne, ta yadda mai kilo 70 mai fam 154 ne.

Jadawali dai kintace ne, domin ko katakai masu suna ɗaya da tsawo ɗaya ba sa fitowa daga masana'anta da doro iri ɗaya, har ma akan auna su ɗaya bayan ɗaya kafin a haɗa kowane biyu masu kama da juna. Saboda haka zuwa da kai ya fi aike, kuma mai saye ta intanet ya tabbata ya aika da nauyinsa na gaskiya ga kantin da zai auna masa. A manyan kantuna akwai injin da ke matse katako da adadin kilon da aka zaɓa ya nuna tazarar da ta rage a ƙarƙashinsa. Inda babu inji akwai gwajin takarda, wanda kowa zai iya yi da taimakon mutum ɗaya. Ana shimfiɗa katakan biyu, bayan an goge ƙasansu tas, a kan daɓe mai tauri wanda ba shi da tudu ko kwari kuma babu darduma a kansa, mai gwaji ya hau ya sa yatsunsa daidai inda maɗaurin takalmi yake, ya miƙe tsaye yana kallon gaba, nauyinsa a rabe daidai tsakanin ƙafafu biyu. Sai mataimakin ya durƙusa ya zura farar takarda ta rubutu a ƙarƙashin katako ɗaya, ya ja ta gaba har inda ta cije, ya yi alama da alƙalami a gefen katakon, ya ja ta baya ya yi wata alamar. A katakon da ya dace, takardar za ta yi yawo ba tare da tangarɗa ba daga wajen diddige zuwa kimanin santimita 30 ko 40 gaba da yatsu, kuma tsakanin alamomin nan biyu shi ne wurin riƙo na wannan mutum, ba na kowa ba. Daga nan sai mai gwaji ya ɗage ɗaya ƙafar, ya ɗora nauyinsa duka a kan katakon da ake aunawa, ya ɗaga diddige ya danna ta tudun bayan yatsu. A wannan hali dole takardar ta maƙale, ta yadda idan aka ja ta da ƙarfi sai dai ta yage. Idan tun yana kan ƙafa biyu takardar ba ta motsi, katakon ya yi masa taushi, idan kuma yana kan ƙafa ɗaya ya danna amma takardar tana zarewa salin alin, ya fi ƙarfinsa. Ana maimaita gwajin ga ɗaya katakon, kuma yana da kyau a sauya wuri a sake, domin daɓen gida ba safai yake miƙewa yadda ido ke gani ba, tazarar da ake aunawa kuwa ba ta fi kaurin 'yan takardu ba.

Bayan kilo sai ƙwarewa, domin mutum biyu masu nauyi ɗaya ba sa danna ƙasa da ƙarfi ɗaya. Gogaggen ɗan wasa yana iya tattara jikinsa duka a kan ƙafa guda ya buga ƙasa cikin ƙiftawar ido, saboda haka yakan zaɓi doro mai tauri domin ya ci ribar sulɓi, amma sabon shiga yana tsoron faɗuwa, ba ya sakin nauyinsa gaba ɗaya ga ƙafa ɗaya, turinsa kuma a hankali yake zuwa. Don haka idan nauyin mai koyo ya faɗa kan iyakar zango biyu na jadawali, gajeren ko mai taushin ya fi masa, domin ɗan ragin gudu ba ya hana koyo, amma suɓucewa a kowane tudu tana lalata salon tafiyar tun daga tushe. Matasa sun fi kowa faɗawa wannan rami, saboda son a gan su da irin kayan da zakaru ke takawa. Abin da ba sa lura da shi shi ne manyan 'yan wasa suna yawo da katakai masu yawan gaske, kowanne da yanayin da aka tanade shi dominsa, kamar wanda ake ware wa kilista, wato wani kaki mai kauri da yauƙi da ake matsowa daga kwalbar roba ko ta ƙarfe domin jiƙaƙƙiyar ƙanƙara ko wadda ta daskare, wanda saboda kaurinsa yake bukatar doro mai tsayi. A tseren Vasaloppet na Suwidin ma, mai kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora, wanda ake yi tun 1922, na gaba-gaba da yawa sun daina shafa kakin riƙo kwata-kwata, suna tura kansu da sanduna daga farko har ƙarshe, kamar yadda Jørgen Aukland ya yi ya ci tseren a 2013. Katakon irin waɗannan mutane ba ya koya wa mai koyo komai game da nasa.

Salo na biyu, wanda ake tura ƙafa gefe da gefe a kan faffaɗar hanya da aka daddale, ya yaɗu ne bayan Pauli Siitonen ɗan Finlan ya yi fice da wani nau'insa a dogayen tsere, Bill Koch ɗan Amurka kuma ya ci kofin duniya da shi a 1982, har hukumar wasannin zamiya ta duniya, wadda aka fi sani da FIS, ta raba gasa gida biyu a tsakiyar shekarun 1980. Katakon wannan salo ba shi da wurin riƙo, ƙasansa duka na sulɓi ne, kuma da kaifin gefensa ake turi, saboda haka ya fi gajarta, inda ake ƙara santimita 10 zuwa 15 kawai a kan tsayin mutum. Amma nauyi bai saki ragamar ba. A nan ana son doron da ba zai baje ba ko da an ɗora masa nauyin jiki duka, domin ya raba nauyin zuwa gaba da baya, ya kuma mayar da ƙarfi idan aka sake shi. Idan ya yi taushi sai nauyin ya taru a ƙarƙashin ƙafa, katakon ya riƙa karkacewa yana lilo, musamman a daskararriyar hanya, idan kuma ya cika tauri sai goshinsa ya riƙa nutsewa yana huɗa a dusa mai laushi, hawan tudu ya zama jidali. A gwajin takarda ana son ta ci gaba da motsi a ƙarƙashin ƙafa ko da mutum yana tsaye a kan katako ɗaya.

Katakan da ba sa bukatar kakin riƙo, waɗanda aka sassaƙa wa ƙasan tsakiyarsu ɓawo-ɓawo ko aka manna musu ƙyallen gashin akuyar Angora gauraye da nailan, su ne suka fi dacewa da baƙo, kuma su ake yawan bayarwa haya. Hukuncin doro bai canza a kansu ba, sai ma ya ƙara tsanani, tunda ba a iya gajarta wurin riƙon ko a tsawaita shi kamar yadda ake yi da kaki. Idan sun yi taushi ana jin su suna ƙugi a gangare. Maɗaurin zamani da ake iya matsarwa gaba domin ƙarin riƙo ko baya domin ƙarin sulɓi yana gyara ɗan kuskure, ba ya gyara babba. Sanda kuwa da tsayi ake auna ta, ta salon gargajiya zuwa tsakanin hammata da kafaɗa, kuma dokar FIS ta hana ta wuce kashi 83 cikin ɗari na tsayin ɗan wasa a gasa, ta ɗaya salon kuma zuwa wajen haɓa.

Sha'anin yara da masu tasowa yana da nasa hukunci. Al'adar saya wa yaro rigar sallah da ta fi shi girma domin ya girma ya cike ta tana da hujja a tufafi, tunda ana iya naɗe hannun riga, amma doro ba ya naɗuwa, kuma yaron da aka saya wa katakon shekara mai zuwa zai shafe hunturun bana yana suɓucewa, mai yiwuwa kuma ya tsani wasan kafin ya kai nauyin da aka yi masa tanadi. Ƙananan yara ana ba su katako mai taushi wanda bai fi tsayinsu da yawa ba, masu shekarun balaga kuwa, waɗanda nauyinsu kan sauya sosai tsakanin hunturu biyu, haya ko aro ko musaya sun fi musu sayen sabo. Ƙungiyoyin wasanni a ƙasashen arewa sukan shirya kasuwar tsofaffin kaya kafin ƙanƙara ta sauka, a Nowe ma akwai wata ƙungiya mai suna BUA da ke ba da aron kayan wasanni kyauta. Wajibi ne kuma a faɗi wani abu a fili, tunda ana ta ambaton kilo: katako ake daidaitawa da jiki, ba a daidaita jiki da katako. Wasannin juriya suna da tarihin matasa masu takura wa cikinsu da zaton rashin nauyi shi ne gudu, kuma matsalar ta kai ga a shekarar 2019 hukumomin wasan a Nowe da Suwidin suka dakatar da wasu fitattun 'yan wasansu mata daga shiga gasa na ɗan lokaci saboda ba su cika sharuɗɗan lafiya ba. Matashin da nauyinsa ya ƙaru katako zai sauya, kuma masana'antu suna ƙera na kowane zango.

Mai sayen na hannu ya yi hattara, domin araha ba ta ado idan doron ya riga ya gaji ko kuwa tun asali na wani nauyin ne. Ya fara da duba takardar da masana'anta ko kanti suka manna, wadda sau da yawa take ɗauke da zangon kilo, sannan ya haɗa ƙasan katakan biyu fuska da fuska ya hango ta tsakaninsu ko tazarar ta daidaita, ya matse su a tsakiya da hannu ya ji ko suna rufewa a hankali ko ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙa wuya, domin biyun da ba su yi daidai ba sukan sa ƙafa ɗaya ta kama ɗaya ta zame. Alamomin alƙalamin da zai tarar a gefe na tsohon mai shi ne, sai ya goge su ya hau takarda ya zana nasa. Idan hunturu ya wuce ana ajiye katakan a wuri mai sanyi da babu danshi, a ɗaure su ta gaba da ta baya kawai ba tare da an matse tsakiyar ba, idan ƙanƙara ta dawo kuma a sake hawa sikeli a sake gwajin takardar kafin a shafa kakin farko.